Hannun Hagun Da Ya Fito A Shafina

A shekarun da gwamnati ta kwashe komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, ni magidanci ne mai mata da yara ƙanana, ba ni da takardar komai. Firamare ma ban ƙarasa ba. Abin da Allah ya ba ni hannu ne. Na fara da rubuta allunan shaguna da fenti a Zariya, daga nan wata maɗaba'a a Kaduna ta ɗauke ni aikin haɗa shafin jarida. Yaran yanzu ba su san wannan aiki ba. Za a kawo maka labari an buga shi a dogayen takardu, ka yanka da reza, ka shafa gam, ka manna a jikin babban kwali, ka bar gurbin hoto, ka ja layi da rula. Idan hannunka ya karkace, gobe duk gari sai ya ga karkatar. Ina roƙon a ɓoye sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba. Wasu daga cikinsu sun rasu, wasu kuma sun zama manya, ni kuwa na gaji da rigima.

Da gwamnati ta taso, jaridu ma suka biyo ta. Wani Alhaji ɗan kwangila, mutumin Kano, ya buɗe tasa ta mako-mako, aka ce ana neman mai haɗa shafi wanda yake karanta Hausa. Na bar iyalina a Zariya na zo na kama ɗaki a Karmo. Ofishinmu yana saman wani bene da ba a gama ba, kullum cikin warin siminti muke. Tun zuwana garin bai kwanta min ba. A Zariya idan mutum ya yi maka murmushi ka san gidan ubansa, ka san wanda za ka kai wa ƙara. A Abujar lokacin kowa baƙo ne, kowa wani abu ya zo nema, ba ka san komai game da mutum ba sai murmushin. Na sa wa raina cewa duk wanda ya matso kusa da ni akwai abin da yake so.

Ban daɗe ba Alhaji ya sayo kwamfutoci, ya kuma ɗauko wani mutum ɗan Filato, Kirista, wanda ya koyi aikinsu a Legas. Kowa Oga yake ce masa, ni ma haka nake kiransa duk da na girme shi. Da idona na ga an sallami abokan aikina masu reza da gam ɗaya bayan ɗaya, ina zaune ina jiran nawa. Sai wata rana Oga ya jawo kujera kusa da tasa ya ce in zo in zauna. Malam Gam yake ce min. Ya ce wai ido na riga na samu, yatsa kawai ya rage, kuma in daina kallon injin kamar zai cije ni, idan ma ya lalace kuɗin Alhaji ne ba na babana ba. Na riƙe ɗan abin nan da ake ja a kan tebur kamar yadda nake riƙe reza, ya yi dariya har da hawaye, ya ce in sassauta, ba yanka shi aka ce in yi ba. Kullum faɗansa ɗaya, in daina zuba masa ɓarɓashin goro a kan maɓallai. Ni kuma in ce masa ranar da ya iya gaida matar da ke kawo mana abinci ba tare da ya mayar da ita namiji a Hausarsa ba, ranar zan bar goro.

Haka ya koya min, bai taɓa karɓar ko kwalbar lemo ba. Na iya jera labari, na iya zaɓar girman kanun labari, na iya shigar da hoto in rage shi in ƙara shi. Aka ba ni shafukan Hausa gaba ɗaya, da kwamfuta tawa, da kujera tawa. Ni da ban gama firamare ba. Wannan kujerar ita ce duk abin da na mallaka a Abuja, da ita nake ciyar da gida, da ita nake sa ran ɗauko iyalina. Amma maganar gaskiya, ko a lokacin ban saki jiki da Oga ba. Ina cin abinci da shi, ina dariya da shi, a ƙasan raina kuma ina tambayar kaina me zai sa mutum ya koya wa wani sana'arsa kyauta a gari irin wannan.

Akwai wata ƙa'ida ta masu haɗa shafi da dole in bayyana, don ita ce ta jawo komai. Ba a barin mutumin da ke cikin hoto ya kalli wajen shafi, sai dai ya kalli ciki, wajen labarin. A zamanin gam, juya hoto aiki ne, sai an koma wajen mai wankin hoto. A kwamfuta kuwa taɓawa ɗaya ce, dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. Muna yi kullum ba ma ko tunani, don fuska kawai muke dubawa. Akwai kuma wani tsari tsakanina da Oga. Ranar Juma'a motar da ke kai shafukanmu Kaduna wajen bugawa takan tashi ana cikin salla, don haka idan na gama na tafi masallaci, shi yake duba shafukana idan wani gyara ya taso. Ranar Lahadi idan akwai aiki ni nake tsare masa.

A makon da abin ya faru, Alhaji ya gina wata Islamiyya a Dutse Alhaji, aka ɗauki hotonsa yana miƙa wa wani tsohon malami mabuɗi. Alhaji a tsaye ya cika hoton, malamin a zaune a gefe ya miƙo hannu biyu. An ce a sa shi a shafin farko na Hausa, a yi shi babba, don a lokacin Alhaji yana neman wani muƙami a gwamnati, yana so a gan shi. Na dubi hoton na ga Alhaji dama yake kallo, sai na ajiye shi a gefen hagu na shafin, ba ya buƙatar juyi. Na gama na tafi salla. Kafin in dawo mota ta tashi.

Da jarida ta fito, na buɗe na ga wata talla ta zauna a inda na ajiye hoton, hoton kuma ya koma gefen dama, an juya shi. Ga Alhaji nan tsaye ƙiƙam, yana miƙa wa tsohon malami mabuɗi da hannun hagu, shi kuma bawan Allah ya tara hannu biyu yana karɓa. Kafin yamma masu hamayya da Alhaji a kan muƙamin sun yanke hoton, sun buga kwafi, ana rabawa a ƙofar masallatai da rumfunan 'yan kasuwa. Ana cewa ga wanda kuɗi ya sa yake ba malamai abu da hagu.

Alhaji ya zo ofis da kansa, abin da bai saba yi ba. Ya sa aka kira ni ofishin edita. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce da wani ne wanda bai san addini ba da sai ya ce kuskure ne, amma ni Bahaushe ne, Musulmi, na san abin da hagu take nufi, kuma shafina ne. Ya ce in faɗa masa wanda ya saye ni, shi ba ni yake nema ba, mai sayen yake nema. Na ce ranka ya daɗe, wallahi ba haka na bar shafin ba. Ya juya ya tambayi edita ko akwai wanda ya taɓa, edita ya kalli silin ya ce shi dai ya san shafin Hausa a hannuna yake. Oga kuwa ba ya nan, tun safe an aike shi Kaduna sayen tawada. Alhaji ya ce kada in sake taɓa kwamfuta sai ya gama bincike, amma kullum in zo ofis a riƙa ganina. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya tuna min cewa yana da abokai masu kaki. Mulkin soja ake yi, kowa ya san abin da wannan magana take nufi.

Aka ajiye min benci a kan matattakala. A nan na zauna kwana da kwanaki, ba aikin da nake yi sai kallo da lissafin mutane. Idan biyu suka yi dariya a ciki, da ni suke. Idan aka rage murya da na yi tari, maganata ake yi. Na zargi edita, don na san ya daɗe yana so ya sa wani ɗan ƙanwarsa a aikin. Na zargi mai neman talla, don na taɓa ganinsa yana fitowa daga motar wani da ban sani ba. Na zargi mai ɗaukar hoto, na zargi har matar abinci da ta daina tsokanata. Amma duk inda na zaga, kan Oga nake dawowa. Shi ya koya min juya hoto, shi yake tsare min shafi ranar Juma'a, shi ne kuma ya ɓace ranar da Alhaji ya zo. Sai na ga kamar amsar tambayar da na daɗe ina yi wa kaina ce ta zo: ya zaunar da ni a kujerar ne don ya samu wanda za a ɗora wa laifi ranar da ya sayar da Alhaji. Ya sha tsayawa a kaina yana cewa Malam Gam mu sauka ƙasa yana da magana, ni kuma in ce masa sunana ba Gam ba ne, ya wuce ya ba ni wuri.

Ranar Lahadi da rana sai ga shi a Karmo, da kayan cocinsa, takalminsa duk taɓo don an yi ruwa. Ban taɓa nuna masa ɗakina ba, tambaya ya yi ta yi har ya iso, wannan ma na sa shi cikin lissafi. Ban ce ya shigo ba, a tsaye muka yi magana. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce shi ne ya juya hoton. Talla ta shigo a makare, edita ya ce a matsar da hoton a sa ta, direba yana ta danna oda a ƙasa, shi kuma da ya ga Alhaji yana kallon waje sai ya juya kamar kullum, bai dubi hannu ba. Ya ce tun ranar da ya dawo daga Kaduna ya faɗa wa edita, edita ya ce ya rufe bakinsa, don idan maganar ta fito za a tambayi wanda ya ba da umarni. Ya ce shi ba ya iya barci. Ya bi ta wajen direban Alhaji ya samu izini, gobe da hantsi Alhaji zai saurare mu a gidansa, mu je tare, ni in faɗi yadda na bar shafin, shi ya faɗi abin da ya yi. Na ce masa to. Ya miƙo min hannu na yi kamar ban gani ba. Ya ce Malam, ka zo fa, idan ba ka zo ba maganata ba ta da nauyi.

Duk mai hankali da ya ji wannan zai yi hamdala. Ni kuwa tsoro ne ya ƙaru min. Na ce a raina, a garin nan da kowa yake taka wuyan kowa, wa zai ɗauki ƙafa ya shigo taɓo ya ce shi ne mai laifi? Kuma me ya sa a gida, ba a ofis ba inda akwai idon mutane? Na je na samu maƙwabcina, wani Bakatsine mai kanti da nake zama wajensa, na kwashe komai na gaya masa. Ya ajiye mudun da ke hannunsa ya ce haba Malam, kai yaro ne? Wai haka aka yi wa wani da ya sani, an ce ya zo a sasanta, yana shiga aka rufe ƙofa, har yau iyalinsa suna yawon bariki-bariki. Ya ce masu manyan gidajen nan ba sa kiran talaka gida don su ba shi haƙuri. Bai san Oga ba, bai san Alhaji ba, bai taɓa riƙe jaridarmu ba sai in zai ƙunshe sukari. Amma abin da nake so in ji ya faɗa, don haka na ɗauke shi mai hangen nesa. Gari na wayewa na naɗe tabarmata, na ɗaure kayana, na hau motar Zariya. Ban sallami kowa ba.

A gida na ce wa matata jaridar ce ta rage ma'aikata. Na koma fenti da buroshi, ina jin kaina wanda ya tsallake rami. Ko baƙuwar mota ta tsaya a layinmu sai in shige cikin gida, amma ba wanda ya zo nemana. Wannan shirun ne ya fara damuna. Mutumin da aka shirya wa tarko da masu kaki, a ce ko ɗan aike ba a turo ba, alhali edita ya san unguwarmu?

Bayan kamar shekara fenti ya kasa riƙe gida, na dawo Abuja neman aiki. Jaridu sun ƙaru, kowa yana neman wanda ya iya kwamfuta ya kuma iya Hausa, irinmu ba mu da yawa. Amma masu wannan sana'a duk sun san juna. Inda na fara zuwa, mutumin ya saurare ni da kyau har ya ce in gwada, sai ya tambayi inda na yi aiki. Da na faɗa ya jingina da kujera ya ce au, kai ne na hagun nan da ya gudu? Haka aka yi min a wuri na biyu da na uku. A na ƙarshe ma ban kai ga zama ba.

A bakin wata maɗaba'a na haɗu da mai ɗaukar hoton tsohuwar jaridarmu, shi ya ba ni sauran labarin, kuma bai tausaya min ba. Ya ce ranar shi ma yana gidan Alhaji, an kira shi ya kawo ainihin hoton. Ba soja, ba ɗan sanda, sai Alhaji da shayinsa. Oga ya tsaya a bakin ƙofa yana jirana har rana ta take, sannan ya shiga shi kaɗai ya faɗi komai. Alhaji ya fara saukowa daga fushinsa, ya ce to ina shi wanda aka zalunta ɗin? Aka tura direba Karmo, ya dawo ya ce ɗaki wayam, ko tabarma babu. Alhaji ya ce shi ke nan, mai gaskiya ba ya naɗe tabarma. Ya dubi Oga ya ce ko dai yana rufa wa abokinsa asiri ne, ko kuma tare suka ci. Bai kore shi ba don ba mai sarrafa injinan sai shi, amma daga ranar edita ya sa shi a gaba, bai ƙara wata nawa ba ya ajiye aikin ya koma Jos. Kujerata kuwa ɗan ƙanwar edita ne ya hau. Mai hoton ya ce min, kai dai wallahi ka cuci kanka, ka kuma bar mutum a rana.

Ban ƙara haɗa shafin jarida ba. Yanzu ina da ɗan shago a Dutse Alhaji da tsohuwar kwamfuta, ina yin katin gayyata, kalandar biki da sitika. Ana ci ana sha, alhamdu lillahi, amma ba shi na so ba. Jaridar ta daɗe da mutuwa. Na taɓa samun wanda ya ce ya san inda Oga yake zaune, zai iya kai ni. Na ce sai na shirya. Ban shirya ba har yau, don ban san da wace fuska zan tsaya a ƙofarsa ba.

Ba zan ce wa kowa ya yarda da kowa ba, ƙarya ne. Editan nan zargin da na yi masa gaskiya ne, kuma garin nan har gobe cike yake da irinsa. Abin da na gane a makare shi ne, zargi ba ya tantancewa. Idan ka bar shi ya zauna maka a rai, mugu da mai son ka duk kala ɗaya za su koma, kuma mai son naka za ka fi tsoro, don shi ne yake matsowa kusa. Ni hoton bai kore ni ba, Alhaji ma bai kore ni ba, ni na ɗauki ƙafata na tafi ana saura taki ɗaya a wanke ni.

Ku matasa masu wannan aiki, yanzu injinanku sun fi namu sauri, kuskure ma ya fi saurin yaɗuwa. Ku dubi hoto gaba ɗayansa kafin ku taɓa shi, ku kuma san wanda ya zauna a shafinku bayan kun tashi. Amma babban abin da nake so ku riƙe ba na kwamfuta ba ne. Idan aka zarge ka da abin da ba ka yi ba, ka tsaya a inda ake ganinka. Kada ka kai damuwarka wajen wanda bai san kowa a cikin maganar ba, don tsoronka kawai zai mayar maka. Idan kana jin tsoron zuwa inda aka kira ka, ka nemi dattijo ya raka ka, ka gaya wa mutane inda za ka, amma ka je. Ranar da ka gudu, ba sauran mai tambayar abin da ya faru, kuma ko wanda yake so ya tsaya maka ba shi da wanda zai nuna.